Gyaran sifirin da aksul na tsohuwar tirelar tafi-da-gidanka: a fara daga ƙasa

Jama'a barkanmu. Wannan bayanin na waɗanda suka sayi tsohuwar tirelar kwana ne irin ta Amurka, ko suke shirin saya, wato ƙaramin gidan nan mai gado da kicin da ake ɗaurawa a bayan mota a ja. Irin su Airstream mai jikin alminiyam, da Shasta mai ƴan fukafukai a baya, da Serro Scotty, na shekarun 1950 zuwa 1970. Abin da na lura da shi shine duk wanda ya samu irin wannan kaya hankalinsa fenti yake fara tafiya, da labule, da goge alminiyam har ya ga fuskarsa a ciki, ƙasan kuwa sai dai a buga wa taya iska a ce ai tana juyawa. To wallahi ƙasan nan shine komai. Duk kuɗin da ka zuba a sama, sifirin da aksul ne za su ɗauke shi a kan titi, in sun mutu to duk ramin da ka faɗa jikin tirelar ne zai sha dukan, ribit su fara tsinkewa, kabad su saki bango, ƙofa ta daina rufuwa daidai, ruwan sama ya samu hanya.

Abu na farko, ka durƙusa da tocila ka gane wane irin ƙafa tirelar take da shi, don iri biyu ne kuma gyaransu ba ɗaya bane. Akwai sifirin mai ganye-ganye, fallayen ƙarfe da aka jera wani kan wani, irin dai wanda kowane bakanike ya sani a bayan Hilux. Shi ne a ƙarƙashin yawancin Shasta da ƴan uwanta, da kuma Airstream na kafin 1961. Har ayarin da Wally Byam, mai kamfanin Airstream, ya ja daga Cape Town zuwa Alƙahira a 1959 tun zamanin mai ganye-ganyen ne, don haka kar wani ya raina irin wannan sifirin. Na biyu shine aksul mai roba a ciki. Daga 1961 Airstream suka koma shi, suna kiransa Dura-Torque, kamfanin Henschen ne yake yi musu a Jackson Center ta jihar Ohio. Shi ba za ka ga sifirin ko ɗaya ba, bututu ne mai kusurwa huɗu an ɗaure shi kai tsaye a shasi, a cikinsa akwai sandar ƙarfe da igiyoyin roba guda huɗu a kusurwoyin, sai wani gajeren hannu ya fito ta kowane gefe yana riƙe da taya. In taya ta hau tudu hannun ya juya, sandar ta matse robar, robar ta dawo da ita. Yau Dexter suna yin irinsa da sunan Torflex, AL-KO na Jamus ma suna yi.

Kafin ka kwance noti ko ɗaya, ka kai ta sikeli. Nan ne mutane suke tsallakewa kuma nan ne kuskuren yake farawa. Tsofaffin tirelolin nan da yawa ba su da farantin da ke nuna nauyin da aka amince su ɗauka, wanda kuma yake da shi, shekara hamsin ana ƙara mata kaya, wani ya sa firij, wani ya sa AC a rufi, wani ya shimfiɗa sabon katako a kan tsohon daɓe. A Amurka tashoshin manyan motoci suna da sikeli, CAT Scale ne ya fi yawa, kuɗinsa ba yawa. Ka loda ta kamar yadda za ka yi tafiya da ita, tankin ruwa cike, tukunyar gas, batir, kayan abinci, sannan ka auna nauyin da ke kan aksul daban da na kan hancin da ke hawa ƙugiyar mota. Na hancin ya kamata ya zama kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na dukkan nauyin, in ya yi ƙasa da haka tirelar za ta riƙa wutsil-wutsil a bayanka komai sabuntar sifirin ɗinta. In tayoyin ko boris ɗin ba su da tabbas kar ka ja ta zuwa sikelin ma, ka fara gyara su tukun ko ka ɗora ta a mota.

Sai ɗagawa. Wuri mai daɓe, a miƙe, a sa wa tayar ɗaya gefen waigi gaba da baya, a sassauta notin taya tun tana ƙasa. Jak a jikin shasi ake sa shi, kusa da inda sifirin ya kama, kar ka taɓa sa shi a tsakiyar bututun aksul don zai lanƙwasa shi kuma ba lallai ka gani da ido ba sai taya ta fara cinyewa gefe guda. A Airstream ƙasan a rufe yake da fallen alminiyam, sai ka nemo inda ƙarfen shasin yake ko farantin da aksul ya ɗauru a kai, in ka sa jak a kan fallen kawai zai huda. Kuma don Allah kar ka shiga ƙarƙashi tana kan jak kaɗai, a sa mata sitan masu ƙarfi, a girgiza ta a tabbatar ta zauna. Waɗancan ƙananan ƙafafun na kusurwa da ake saukewa in an yi fakin don hana ta rawa ne, ba a yi su don ɗaukar nauyinta ba.

Yanzu mu ɗauki mai sifirin. Ka fara da burushin waya ka kankare tsatsa da taɓo, sai ka bi ganyen ɗaya bayan ɗaya. Inda suka fi karyewa shine kusa da senta bol da ya haɗa ganyen a tsakiya, ƙarƙashin farantin yubol, wato lanƙwasasshen bol ɗin da ke ɗaure sifirin da aksul, da kuma wajen idon da ke ƙarshen babban ganye. Sifirin mai lafiya yana da lanƙwasa kamar baka, in ka ga ya miƙe sambal ko ya fara komawa ta baya to ya gaji. Wani abin da ake gani a tsofaffi shine tsatsa ta shiga tsakanin ganyen ta kumbura ta raba su, ka ga kamar an cusa musu wani abu. Ka leƙa saman aksul da ƙasan shasi, in akwai wurin da ƙarfe yake sheƙi ko ya lotsa, alama ce aksul yana dukan shasi. Ka leƙa cikin rumfar taya ma ko akwai baƙin shafar roba.

Daga nan shakul, ƴan fallayen nan biyu da ke riƙe da ƙarshen sifirin. Ka ciro bol ɗaya ka riƙe shi a hannu ka kalla da kyau. Sabo a mulmule yake daga sama har ƙasa. Wanda ya sha hanya za ka ga tsakiyarsa ta zaizaye ta yi ƙugu, farce yana maƙalewa a gaɓar, ramin shakul ɗin kuma da ya kamata ya zama zagaye ya koma kamar ƙwai, bushin ɗin da ke cikin idon sifirin ya zama gari ko ma babu shi gaba ɗaya ƙarfe na cin ƙarfe. In ka ga haka a bol ɗaya ka ɗauka sauran ma haka suke. Hanga, ƙarfen da aka yi wa walda a shasi don rataye sifirin, ita ma ka duba gindinta, tsagewa a nan siririya ce kamar gashi, sai ka goge sosai kake ganinta. Ka ɗan buga shasin da guduma a kewayen, ƙarfe mai kyau yana amsawa da ƙara, ruɓaɓɓe kuwa sai ka ji dum, ɓawon tsatsa yana zubowa. In shasin ya ruɓe a nan to aikin mai walda ne kafin komai, sabon sifirin a kan ruɓaɓɓiyar hanga asarar kuɗi ce.

Mai roba kuma dubansa ya fi sauƙi amma hukuncinsa ya fi tsada. Tana ƙasa da kayanta, ka kalli hannun nan da ke riƙe da taya. Da yawa sun fito daga kamfani hannun yana kallon ƙasa da digiri 22.5, in an ɗora nauyi ya ɗan tashi. In ka same shi ya wuce miƙe yana kallon sama, saman tayar ya shige cikin rumfa, robar ta zauna. Gwaji na biyu, ka sa alama ka ɗaga shasin a hankali kana kallon tayar. Aksul mai rai zai bar tayar ta sauko wajen inci 2 zuwa 3 kafin ta bar ƙasa. In ta tashi tare da jiki nan take kamar an yi musu walda, robar ta ƙandare, kuma abin da ya fi ƙandarar da ita shine dogon zama wuri ɗaya da nauyi a kai, shi yasa tirelar da aka ce maka ai ba ta yi tafiya ba, a bayan gida take tun zamanin kaka, sau da yawa ita ce aksul ɗinta ya fi mutuwa. Robar nan ba a canza ta a gida ko a gareji, a kamfani ake cusa ta. Aksul ɗin gaba ɗaya ake canzawa. Ni a ganina duk Dura-Torque na asali na shekarun 1960 ko 1970 a canza shi kawai, robar da ta haura shekara hamsin ta gama aikinta.

To ga inda nake so a tsaya a saurara. In an zo sayen sabo mutane sai su ce bari in sa mai ƙarfi sosai in huta. Tirelar da sikeli ya nuna fam 2,400 a kan aksul, wajen kilo 1,090 kenan, sai a sa mata sifirin na fam 5,200 ko 6,000. Wannan cutar da ita ne. Sifirin da ya fi ƙarfin nauyin da ke kansa ba ya lanƙwasa, in bai lanƙwasa ba kuwa girgizar duk sama take wucewa, cikin tsohon katako da ribit masu shekara sittin. Abin da ake so shine ƙarfin ya ɗan ɗara nauyin da ka auna, a bar ƴar rata don kayan da za a ƙara, shikenan. Girman da aka saba samu su ne fam 2,000, 3,500, 5,200, 6,000 da 7,000. Na 3,500, wajen kilo 1,590, shi ne ya fi dacewa da yawancin ƙananan nan masu aksul ɗaya, bututunsa inci 2 3/8 ne, birkinsa inci 10, kuma kayansa ko ina akwai. Dabarar ita ce za ka iya sa bututu da boris na 3,500 amma ka zaɓi sifirin mai laushi daidai nauyinka, mai roba kuma in kana oda ana iya rage masa robar zuwa adadin da ka faɗa.

Awo kafin oda, a yi shi sau biyu a rubuta. Na farko daga fuskar hob zuwa fuskar hob, wato inda rim yake zama a gefen nan zuwa na wancan gefen. Na biyu daga tsakiyar sifirin zuwa tsakiyar sifirin, a mai roba kuma tazarar faranten ɗaurewa da kusurwar hannun. Sai tsawon sifirin daga ido zuwa ido ba nauyi a kai, da faɗinsa. Na zamani mai ido biyu yawanci faɗin inci 1 3/4 ne, tsawon da ya fi yawa kuma inci 25 1/4, amma tsofaffin tireloli suna da nasu awon daban-daban, kuma ka tuna sifirin da ya gaji ya miƙe zai ba ka tsawon da ya fi na asali. In ba a samu daidai ba ko dai a kai wa masu ƙera sifirin su yi maka, ko a yanke hangar a sake mata wuri. Ka ƙirga notin taya da tazararsu, biyar a kan inci 4.5 shi ne na 3,500, shida a kan inci 5.5 na manya. Ka lura kuma ko aksul ɗin miƙaƙƙe ne ko mai saukowa a ƙarshe, don in ka canza wannan tsayin tirelar gaba ɗaya ya canza.

Wajen haɗawa, sifirin biyu ake canzawa tare ko da ɗaya ne ya karye. Yubol kuma sabo ake sawa kullum, tsohon ya riga ya miƙe. Bututun aksul yana da ƴar lanƙwasa a tsakiya da gangan, tudun yana kallon sama, don in nauyi ya hau tayoyin su tsaya daidai. Masu son ƙara wa tirela tsayi suna maida aksul ƙarƙashin sifirin, to ba juya bututun ake yi ba, sabon mazauni ake sawa a samansa tudun yana nan yana kallon sama. Yana ƙara wajen inci 4 zuwa 6, yana taimakawa in bayanta na gogar ƙasa, amma nauyin ya koma sama kuma dole a sake saita tsayin ƙugiyar mota, don haka in ba dole ba ni ban cika son shi ba. Bol na shakul yawanci inci 9/16 ne, ka sayi mai kan giris da bushin na tagulla maimakon na roba, ramin da giris yake fita a jikin bol ɗin ya kalli gefe, in ya kalli sama ko ƙasa nauyi zai toshe shi giris ya ƙi shiga. Ka riƙe kan bol ɗin ka juya notin kaɗai. Kar a ɗaure shakul tamau har ya kasa motsi, aikinsa kenan ya yi lilo. Yubol na rabin inci ana ɗaure shi a giciye kaɗan-kaɗan da sufana mai auna ƙarfi, wajen 45 zuwa 70 a awon ft-lb, amma takardar da ta zo da kayan ita ce gaba.

A mai roba doka ɗaya ce babba, ba a yin walda a jikin bututun, zafi yana ƙona robar da ke ciki. Farantin da ke shasi ake gyarawa ko a huda, aksul ɗin a ɗaure shi da bol. In naka yana da shokazoba kamar na Airstream, ka ce a sa maka kunnensa tun daga kamfani. In kuma aksul biyu ne, ka sani masu roba ba sa raba nauyi tsakaninsu yadda masu sifirin suke yi ta ikwalaiza, ƙarfen da ke lilo tsakanin sifirin na gaba da na baya, don haka dole tirelar ta tafi a miƙe, in hancinta ya ɗaga aksul na baya ne zai ɗauki wahalar shi kaɗai.

Kafin ɗaurin ƙarshe ka ɗauki tef ka auna daga tsakiyar hancin tirelar, inda yake hawa ƙugiya, zuwa tsakiyar sifindul na dama, wato ƙarshen aksul da hob yake juyawa a kai, sannan na hagu. Bambancin kar ya wuce 1/8 na inci. In ya wuce tirelar za ta riƙa tafiya a karkace tana cin taya.

Boris da birki tunda an riga an buɗe a gama da su. In tsohon hob za ka riƙe, ka wanke boris ka duba, wanda ya yi shuɗi don zafi ko ya yi ƙuraje a jefar da shi tare da mazauninsa. Na aksul 3,500 lambarsu L68149 a ciki, L44649 a waje. Giris a tafin hannu ake tura shi ta gefen mai faɗi har ya ɓullo ta ɗaya gefen, sil mai tare giris kuma a sa sabo. Ka ɗaure notin sifindul sosai kana juya hob ɗin don boris su zauna, sai ka sassauta gaba ɗaya, ka maido shi da yatsu kawai, ka sa sabon fin mai kulle notin. Daga nan duk shekara ko duk mil 12,000 a sake giris. Tsofaffin lainin birki da yawa akwai asbestos a ciki, mai cutar da huhu, kar ka hura ƙurar da iska, ka jiƙa ta ka goge kana sanye da abin rufe hanci. Sabon birkin lantarki akwai na dama akwai na hagu, a rubuce yake a jiki. Jihohin Amurka da dama suna wajabta birki in tirela ta kai fam 3,000, Kalifoniya kuwa tun daga 1,500 ga irin wannan tirelar, kuma ko doka ba ta kama ka ba ka sa.

Taya kar ka duba zanenta kawai, ka duba shekarunta. Lambobi huɗu na ƙarshen rubutun DOT da ke gefen taya, biyun farko sati ne biyun ƙarshe shekara, 2319 na nufin sati na 23 a 2019, in kuma uku ka gani to kafin 2000 aka yi ta, a cire. Tayar tirela mai alamar ST ake sawa, kuma in ta haura shekara biyar zuwa shida a canza ko da tana sheƙi. In ka tarar da tsohon rim mai rabewa biyu da zobe, kar ka yi wasa da shi, zoben yana iya fizgewa lokacin buga iska ya raunata mutum, a maye shi da rim guda.

In an sauke ta ƙasa ka ɗaure notin taya a giciye, ka duba akwai ratar wajen inci 3 tsakanin saman taya da rumfa. Gwajin farko a unguwa, a hankali, ka gwada birkin tirelar shi kaɗai da hannu daga na'urar cikin mota ka ji ta ja ka baya. Notin taya a sake ɗaure su bayan mil 10, da 25, da 50, yubol ma a sake bi ta kansu don sabon sifirin yana zama. Duk tsayawa ka kai bayan hannunka kusa da hob, ɗumi ba komai, amma in ɗaya ya fi ɗan uwansa zafi sosai to ko noti ya matse boris ko birki yana kamawa, a tsaya a buɗe. Sannan ka shiga ciki ka duba, in ka tarar da kofuna a inda ka bar su kuma ƙofofin kabad a rufe, sifirin ɗin ya dace da nauyin. In komai ya watse a ƙasa bayan ƴar gajeriyar tafiya a titi mai kyau, ka koma kan takardar sikeli ka gwada ta da ƙarfin abin da ka saka, kuma ka tabbatar an yi wa tayoyin balansin.